Motar Allurar Shanu da Giwayen Kamuku

Jiya ina zaune a kan bencin nan na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai gyaran tsohuwar mota ba wani aiki ba ne. Wai kafireto ai sukurori huɗu ne, ka kwance, ka wanke da fetur, ka hura, ka mayar, shi ke nan. Ban tanka masa ba, domin ni ma na taɓa faɗin haka, kuma na fi shi cika baki. Tunda yau babu aiki a gabanmu, ku jawo tayoyin nan ku zauna, in ba ku labarin wata mota da na kwance wa kafireto har sau uku ba ta warke ba.

Na fara kanikanci a Birnin Gwari ana gab da samun 'yancin kai, a hannun wani dattijo da ake kira Saje Ayuba. Ɗan ƙabilar Gbagyi ne, Kirista, daga wani ƙauye a kan hanyar Kuyello. A soja ya koyo aikin, ya dawo gida da akwatin katako guda ɗaya da ƙafa mai ɗingishi. Garejinmu gindin wata ɗorawa ne a bakin hanyar Kaduna, da 'yar rumfar kwano da muke fakewa in ruwa ya sauko. Motocin da ke zuwa mana ba su da yawa. Akwai manyan motocin 'yan kasuwa masu ɗaukar dawa da katako, sai kuma jif-jif na ma'aikata, wato motocin shiga daji masu ja da ƙafa huɗu, irin na malamin daji da malamin dabbobi da masu awon hanya. Kayan gyara kuwa sai Kaduna, in ka aika yau sai ka yi mako kana duban hanya. Saboda haka ba ma jefar da komai. Abin da ya lalace gyara shi ake yi.

Akwatin Saje ba shi da kaya da yawa. Sifana ce kamar guda takwas, duk sun yi santsi don riƙo, da filaya ɗaya, da sukundireba biyu waɗanda shi ya sassaƙa musu ƙota da iccen kirya. Akwai famfon keke na hura hanyoyin fetur, da ɗan ƙarfen narka dalma, da waya iri-iri a naɗe. Wata uku na yi ban taɓa inji ba, aikina wankin sukurori da kananzir in jera su a kan buhu yadda aka ciro su. In na sauya wa guda ɗaya wuri, sai ya watsar da su duka ya ce in sake.

Aikin farko da ya bari na tsaya kusa, motar wani mai fataucin hatsi ce da ta ƙi tashi da safe. Direban ya murɗa makulli har batir ya kusa mutuwa. Saje ya ɗaga bonet, bai taɓa komai ba, ya dube ni.

"Haruna, me hancinka ya gaya maka?"

Na ce, "Fetur, Baba."

"Mai yawa ko kaɗan?"

"Mai yawa."

"To wannan ba yunwa take ji ba. Ƙwarewa ta yi."

Ya ciro fulogi guda ya nuna mini, ga shi baƙi, jiƙe sharkaf. Sannan ya buɗe kan kafireto. Kun dai sani, kafireto kwano ne da fetur ke taruwa a ciki kafin ya gauraya da iska ya shiga inji. A cikin kwanon akwai wani ɗan tulu na tagulla da ke iyo, muna ce masa fulot, in fetur ya cika sai ya taso ya toshe hanya. Saje ya ɗauko fulot ɗin ya girgiza mini a kunne, na ji ruwa na motsi a ciki. Ashe ya huje, ya sha fetur, ya nutse, mai yana ta kwarara babu mai tsayar da shi. Ya sa na karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, ya tsoma tulun a ciki. Sai ga kumfa ƙanana suna fitowa daga wata kafa da ido ba ya gani. Ya tsiyaye shi, ya shanya a rana, ya ɗiga dalma kamar ƙwayar gero, ya ce in ta fi haka nauyi zai sake nutsewa. Motar nan ta ƙara shekara huɗu da wannan fulot.

Shi ya koya mini cewa in mota ta ƙi tashi, kada in ɗauki sifana sai na tambayi direba yadda ta mutu. Wadda wuta ta yanke mata farat ɗaya take mutuwa, kamar an hure fitila. Wadda fetur ya yanke mata kuwa sai ta yi tari, ta yi fizge-fizge, ta ɗan farfaɗo, sannan ta kwanta. Ya koya mini auna bakin kwantak, ɗan ƙarfen nan da ke sakar wa fulogi wuta, da kwalin ashana, da duba launin wutar fulogi a inuwa, shuɗiya ce ko ja. Ya koya mini handul, ƙarfen nan da ake zurawa ta gaban mota a juya inji da hannu, da yadda ake ajiye babban yatsa gefe guda da sauran, don in inji ya yi tutsu ya dawo baya kada ya karya maka hannu. In aiki ya yi masa gardama sai in ji yana yi wa injin magana a hankali da yaren Gbagyi, kamar mai lallashin akuya.

Shekara bakwai muna tare, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko sukurori ƙanana ne suka ɓace masa, daga baya har fuskar mutum sai ya matso. Ran nan ya tura mini akwatin da ƙafa, ya ce shi zai koma ƙauye ya yi noma da 'ya'yansa. Na zama mai gareji. Ina da ƙarfi, hannuna na da sauri, direbobi na yabona, har na fara ganin babu motar da za ta gagare ni.

Shekarar da bushiya ta shigo dajin nan ita ce muguwar shekara. Ku ba ku san bushiya ba, Allah ya sa kada ku san ta. Ciwon shanu ne. Saniya za ta fara zubar da hawaye da majina, bakinta ya yi gyambo, ta kama zawo, kwana kaɗan ta faɗi. In ta shiga garke ba ta barin na kirki. A shekarar nono ya ɓace a kasuwa, matan Fulani suka daina shigowa gari, in ka ɗaga kai wajen yamma ungulaye ne ke kewaya sama. Gwamnati ta aiko da allurar rigakafi. Maganin yana zuwa daga Kaduna cikin ƙanƙara, a ajiye shi a wani firji mai aiki da kananzir. In za a shiga daji sai a zuba shi cikin babban filas tare da ƙanƙara. Da ƙanƙarar ta narke magani ya ji zafi, to ya zama ruwan banza.

Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Malam Garba, malamin dabbobi, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Direbansa Tanko. Motarsu wata tsohuwar jif ce koriya mai rufin tamfol, wadda ta yi damina guda a ajiye a rumfar ofis saboda rafuka sun cika. Tankinta a ƙarƙashin kujerar gaba yake, murfinsa da kwaɗo. Akawun ofis ke cika shi da safe, ya kulle, ya riƙe makullin.

Ranar da suka fara kawo mini ita, Tanko ya ce da safe bugu ɗaya take tashi, ta yi ta gudu lafiya, amma da an yi tafiyar kamar rabin sa'a sai ta fara tari ta mutu. In an bar ta ta daɗe, sai ta tashi da kanta kamar ba ita ba. Na ce wannan ai datti ne. A gindin famfon fetur akwai wani kofin gilashi da ke tare ruwa da laka. Na cire shi, na ga ɗan datti, na wanke. Na kwance kafireto, na hura kowace kafa da famfon keke, na mayar. Ta tashi tana kuka mai daɗi. Na ce wa Malam Garba ya tafi ko Zariya ce, babu abin da zai same shi.

Washegari da la'asar suka dawo. Ta mutu a tsakiyar daji, sun yini a rana, filas guda na magani ya lalace. Malam Garba bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "Malam Haruna, a sake dubawa." Na sake kwance kafireto, na sauya fatar famfo da wadda na ciro daga wata matacciyar jif, na sauya fulogi duka. Na bar ta tana aiki a gareji fiye da sa'a guda, ko tari ba ta yi ba.

Karo na uku da ni aka tafi. Rabin sa'a cif, ta yi tari ta kwanta. Na buɗe kafireto na tarar da kwanon a bushe. Na cire kofin gilashi, na hura, na shimfiɗa buhu a ƙasa na wargaza kafireton nan gaba ɗaya, na haɗa. Ta tashi. Muka yi murna muka ci gaba. Bayan wani rabin sa'ar ta sake mutuwa. Haka muka yi ta yi har rana ta karya, ƙanƙara ta zama ruwa, muka juyo ba mu yi wa saniya ko ɗaya allura ba. A gari aka fara cewa iskokin daji ne ba sa son motar. Tanko ya samo laya ya rataya a sitiyari.

Kwana biyu bayan haka ina zaune a gareji sai ga wani dattijon Bafulatani da sanda a kafaɗa, ƙafafunsa duk raɓa da laka. Ardo Buba ne, rugarsa na can cikin dajin Kamuku, a ƙasa ya tako. Malam Garba na biye da shi.

Ya ce, "Kai ne mai gyaran motar?"

Na ce, "Ni ne, Ardo."

"Shekaranjiya na baro saniya goma sha ɗaya a kwance. Ban zo faɗa ba. Na zo in ji ne, in jira ku, ko in kora sauran in bar dajin."

Malam Garba ya ce, "Ardo, in ka kora su, duk rugar da ka ratsa ka kai musu ciwon. Ka ba mu kwana uku." Sannan ya juyo gare ni ya ce maganin da ya rage na filas ɗaya ne, kuma bai san ranar da wani zai iso daga Kaduna ba.

Na rufe gareji. Na ari keke na kama hanyar Kuyello.

Na tarar da Saje a ƙofar gida kan tabarma yana murje masara. Idanunsa sun yi fari. Kafin in yi sallama ya ce, "Warin fetur ya riga ka isowa. Haruna ne?" Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari duka na gaya masa, ban ɓoye cika bakin da na yi ba. Ya yi ta murzar masararsa yana saurare. Ya tambaye ni yadda take mutuwa, da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta farfaɗo, da abin da nake fara cirewa in ta mutu, da inda ta yi damina. Na ce ya gaya mini abin da yake zato.

Ya ce, "Ba zan faɗi abin da ban ji ba. Ka kai ni in ji mutuwarta."

Muka sami motar masara ta kawo mu gari, da keken a sama.

Da sassafe akawu ya cika tanki ya kulle. Saje ya zauna a gaba tsakanin Tanko da Malam Garba, ni ina baya da akwatin kayan aiki da filas ɗin magani, na naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Kaka ce, ciyawa ta fi mota tsawo, hanyar kuwa sawun shanu ce kawai da ta ratsa cikin dogayen itatuwan doka da maje. Saje ya dafa tafin hannunsa a kan ƙarfen gaban mota, ya sunkuyar da kai. Muna gangarawa wani mashigin rafi mai yashi sai ta fara tari. Tanko ya taka totur, ta yi fizga biyu, ta mutu a kan yashin, ruwa na gudu a gabanmu kaɗan.

Tanko ya kama murɗa makulli, inji na juyawa ba ya kamawa, har kukan ya fara ja. Ni kuma na diro da akwati zan ɗaga bonet.

Saje ya ce, "Kada ka taɓa komai." Ya kasa kunne. Sai ya sake magana, murya ƙasa-ƙasa. "Tanko, cire hannunka daga makulli. Haruna, koma cikin mota. A hankali, kada akwatin ya yi ƙara."

Ban ga komai ba, amma na koma. Can sai na ji wani gurnani mai zurfi, wanda a ƙirji na fi jin sa fiye da kunne, kamar hadari na tasowa daga nesa. Reshe ya karye a hagunmu. Ciyawar bakin rafi ta rabe biyu, giwa ta fito.

An haife ni a ƙasar nan, na sha ganin kashinsu da itatuwan da suka tuge, amma ban taɓa ganin giwa da idona ba sai ranar. Ta farkon uwa ce, tsohuwa, haurenta ɗaya ya guntule. Tsayinta ya wuce rufin motarmu nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tafiyarta. Dabba kamar ɗaki, amma ta taka yashi ba ka jin komai. Bayanta wasu suka biyo, ɗaya bayan ɗaya, manya da matasa, har da wani ɗan ƙarami da ke tafiya a ƙarƙashin cikin uwarsa, bai ma iya sarrafa hancinsa ba, sai lilo yake yi da shi. Suka bazu a cikin rafin, gabanmu da bayanmu. Suna zuƙar ruwa suna zubawa a baki, suna watsa wa bayansu yashi. Warinsu ya cika motar, kamar na garke amma ya fi nauyi.

Tanko ya runtse ido, leɓunansa na motsi. Malam Garba ya miƙo hannu baya ya dafa filas, ya bar shi a nan. Tsohuwar ta juyo ta dube mu. Ta buɗe kunnuwanta kamar tabarmi biyu, ta tako har gaban motar. Ina ganin gashin idonta, ina ganin ƙudaje a gefen idon. Ta ɗaga dogon hancinta ta shinshina gilashi, ta sauke shi a kan bonet. Ƙarfen da zafi, ta janye, ta huro iska da ta ɗaga ƙurar da ke kai. Ta tsaya. Da ta so, da kafaɗa ɗaya za ta kifar da mu cikin ruwan.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Tunda na fara aikin mota ban taɓa zama kusa da inji cikin shiru irin wannan ba. Kullum ko ana murɗa makulli, ko ina buga sifana, ko direba na surutu. Ranar kuwa ko numfashi a hankali muke yi. Ina jin ɗigar ruwan buhu a kan ƙarfe, ina jin inji na ƙas-ƙas yana hucewa.

Sai na ga Saje ya karkatar da kai, ba wajen giwar ba, wajen ƙasan kujera. Ya laluba baya ya kamo hannuna, ya jawo shi a hankali ya ɗora a jikin tanki. Ƙarfen ya lotsa ciki kamar cikin mayunwaci. Ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Saurara."

Na kasa kunne. Can ƙasa, siriri kamar kukan sauro, wani fito ne ke fitowa daga bakin murfin tankin. Iska ce ke ƙoƙarin kutsawa ciki. Muna cikin haka tankin ya yi ɗan ƙara, ƙwal. Giwar ta kaɗa kunne ɗaya. Muka daskare. Ta ƙara dubanmu, sannan ta juya ta yi gurnanin nan nata, sauran suka fara haurawa ɗaya gaɓar. Ƙaramin ya kasa hawa, wata ta sa masa hanci a gindi ta tura shi. Tsohuwar ce ta ƙarshe. Ciyawa ta rufe bayanta, kamar ba a taɓa yin su ba.

Muka ƙara jira har Saje ya ce sun yi nisa. Tanko ya buɗe ido ya ce, "Baba Saje, mu koma gida."

Saje ya ce, "Da wace motar? Haruna, shiga ƙarƙashi. A saman tankin akwai wani siririn bututu da ya lanƙwaso ya dubi ƙasa, ba na fetur ba. Bi shi da yatsa har bakinsa ka gaya mini abin da ka samu."

Na kwanta a yashi na shiga. Na sami bututun, kaurinsa bai fi karan alkalami ba. Sau nawa ina ganinsa ban taɓa tambayar aikinsa ba. Na bi shi har baki, na ji a toshe da wani abu mai tauri. Na kankara da farce, jar ƙasa ce busasshiya, an shafe ta sumul kamar aikin magini.

Na ce, "Baba, laka ce."

"Zanzaro ne. Ya sami ɗaki da damina. Ɗauko waya."

Na zura waya na murza. Lakar ta farfashe ta zubo mini a fuska, da wasu tsutsotsi koraye a ciki waɗanda zanzaron ya tara wa 'ya'yansa. Sai bututun ya ja iska da ƙarfi, fuuu, tankin ya buga kamar an daki ganga, ya koma daidai.

Saje ya ce, "Ka taɓa kafa baki a kwalba ka yi ta zuƙa ba ka saki ba? Da farko ruwa zai zo, daga baya sai ya tsaya, kwalbar ta kama maka leɓe. Haka motar nan take yi. Fetur na fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfo ya kasa ja. In an bar ta, iska ta sulala ta gefen murfi kaɗan-kaɗan, sai ta tashi. Kai kuma duk lokacin da ka cire kofin gilashi, iska kake ba ta ba ka sani ba. Sai ta tashi, ka ce wankin kafireto ne."

Malam Garba ya ce, "Yanzu duk wahalar nan ƙwaro ne?"

"Ƙwaro ne, Malam. Kafireton yaron nan lafiyarsa ƙalau. Babu mai tsabta irinsa a lardin nan, tunda sau uku aka yi masa wanka."

Batir ya riga ya yi sanyi, don haka sai handul. Famfon fetur yana da ɗan hannu a gefe, na yi ta danna shi har na ga mai ya cika kofin gilashi ya haura. Na ce Tanko ya ja cok, abin rage wa inji iska, rabi, ya buɗe makulli, kada ya taɓa totur. Na zura handul, na juya a hankali har na ji inji ya yi tauri, sannan na fizgo sama. Ta yi atishawa. Na sake. A karo na biyu ta kama, hayaƙi ya fita ta salansa, kukanta ya daidaita. Muka tsallake rafin. Rabin sa'a ta wuce, kowa ya yi tsit yana jiran tari. Sa'a guda ta wuce. Tanko ya fara dariya shi kaɗai.

Mun isa rugar Ardo Buba rana ta take tsaka. Malam Garba bai tsaya gaisuwa ba, ya buɗe filas ya tura hannu. Ya fito da ƙanƙara kamar ƙwan kaza, ita kaɗai ta rage, kwalaben magani na kwance a cikin ruwa mai sanyi. Ya ce a kawo shanu. Matasan rugar suna kamawa suna kayarwa, shi yana soka allura, ni da Tanko muna tsaga kunne don a san wadda aka yi wa. Saje na zaune a inuwa, matan rugar sun kawo masa fura. Waɗanda suka riga suka kamu ba su tashi ba, amma sauran sun rayu. A makonnin da suka biyo, da sabon magani ya iso, motar nan ta zaga rugagen dajin kaf, ba ta sake tari ba ko sau ɗaya. Na ɗaure wa bakin bututun ɗan ƙyallen gidan sauro.

A ranar dai, da muka juyo, rana ta yi sanyi muka iso mashigin nan. Saje ya ce a tsaya. Tanko bai so ba, amma ya tsaya, bai kashe inji ba. Saje ya ce in riƙe masa hannu in kai shi inda babbar ta tsaya. Na kai shi. Ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafarsa, ya laluba yashi har ya sami sawun. Ya bi gefensa da yatsa ya kewayo. Ya sa tafin hannunsa biyu a ciki, ba su cika shi ba. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Tun ina yaro nake jin labarinsu a wurin kakana. Na je har ƙasashen da ban san sunansu ba, ban gamu da su ba. Yau sun zo har gabana." Ya ɗago fararen idanunsa wajen da nake. "Na ji numfashinta a fuskata, amma inuwa kawai na gani. Su nawa ne, Haruna?"

Na ce, "Ban ƙirga ba, Baba. Sun fi goma."

"Akwai ƙarami. Na ji yana fasa ruwa."

"Akwai."

Ya zauna sosai a kan yashin, ya miƙe ƙafar mai ciwo. Ya ɗaga murya ya ce wa Tanko ya kashe motar, za ta tashi. Tanko ya kashe. Sannan ya jawo hannun rigata na zauna kusa da shi.

Ya ce, "To gaya mini. Fara daga babbar. Kada ka yi sauri."